Salsalar Sarakuna a Intanet: Wa Ya Faɗa, Ina Ya Samo?

Tun ranar da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta rasu a watan Satumbar 2022, akwai wani hoto da ya ƙi barin wayoyin mutane. Dogon jerin sunaye ne, an tsara shi daga sama zuwa ƙasa, sunanta a ƙarshe, a can sama kuma sunan Manzon Allah (SAW), wai ita daga zuri'arsa take. Makon jiya aka sake turo mini shi. Wanda ya turo mutum ne mai karatu, wanda in ka kawo masa hadisi sai ya tambaye ka wa ya ruwaito kafin ya ce uffan. Amma wannan jeri mai ɗauke da magana mai nauyi haka, ya tura shi yadda ya same shi, har da kabbara a ƙasa.

Abin ya dame ni ƙwarai. Sarauniya ba ta gabana, abin da ke gabana shi ne yadda muka mayar da binciken nasabar sarakuna da manyan gidaje a intanet wani abu da ba ya bukatar hujja. Da zarar an jera sunaye a cikin akwatuna, an ja layi tsakaninsu, an ɗora hoton kambi ko rawani a gefe, shi ke nan magana ta zama gaskiya.

Matsayina a fili yake. A yi bincike a intanet, a yi sosai, domin ba a taɓa samun zamanin da talaka zai iya buɗe kundin da yake buɗewa yau daga ɗakinsa ba. Amma kowane "wane ɗan wane ne" da ke cikin salsala magana ce mai zaman kanta, kuma tana bukatar madogararta. Inda madogara ta ƙare, nan mai bincike zai tsaya. Abdullahi bin Mubarak ya ce isnadi yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. A kan hadisi ya faɗa, amma ban san fannin da ya fi nasaba bukatar wannan ƙa'ida ba.

Mu tsaya a kan Zaida

Bari mu bi jerin nan na Sarauniya, don a ga abin da nake nufi. Daga ita zuwa sarakunan Ingila na da, daga nan zuwa sarakunan Kastila a ƙasar Sifaniya, hanya a share take, akwai takardun aure da na gado. Matsalar tana can ƙarshen ƙarni na 11, a kan mace ɗaya mai suna Zaida, wadda ta fito daga fadar Musulmi ta Ishbiliya a Andalus, ta koma hannun Sarki Alfonso na Shida, ta karɓi Kiristanci.

Jerin ya ce ita 'yar Sarki al-Mu'utamid bin Abbad ce. Haka marubutan Kirista suka rubuta. Amma marubutan Larabci, waɗanda suka fi kusa da gidan, sun ce surukarsa ce, matar ɗansa da aka kashe a Kurɗuba a 1091. In suruka ce, to jininsa bai bi ta jikinta ba. Wannan ɗaya.

Na biyu, ɗan da kowa ya yarda Zaida ce ta haifa wa Alfonso shi ne Sancho, kuma an kashe shi a yaƙin Ucles a 1108 yana yaro, bai bar baya ba. Don haka sai an ɗauka cewa Zaida ita ce wata sarauniya mai suna Isabel da ta haifa wa Alfonso 'ya'ya mata, sannan zuri'a ta ci gaba. Masana tarihin Sifaniya sun rabu a kan haka har gobe.

Na uku, kuma shi ya fi ba ni mamaki da ba a kula da shi, Banu Abbad, wato gidan su al-Mu'utamid, da kansu ƙabilar Lakham suke jingina asalinsu gare ta. Lakham ba Ƙuraishawa ba ne, balle Banu Hashim.

Gaɓa uku a jere, kowace da rauninta. Da a isnadin hadisi ne, mutum ɗaya mai rauni ya isa a ajiye ruwayar. Amma a hoton da ke yawo, layin da ya haɗa Zaida da al-Mu'utamid kaurinsa ɗaya da layin da ya haɗa Elizabeth da mahaifinta Sarki George na Shida. Wannan ita ce babbar illar jadawalin nasaba a allon waya: ba ya nuna inda ake da yaƙini da inda ake zato.

"Ai a shafuka goma na gani"

Wannan ce amsar farko da ake ba ni. To, shafuka goman nan, mutum nawa ne suka yi binciken?

Na taɓa zama dare guda a kan wani shafi na nasaba, irin waɗanda kowa ke iya shiga ya ƙara suna, ina bin wani gidan hakimai na ƙarni na 12. Sai na ci karo da wata mata da aka rubuta ranar haihuwarta shekara tara bayan ta ɗanta. Na duba gurbin da ake sa madogara, sai na ga sunan jadawalin wani mai amfani da shafin. Na latsa, na je wurinsa. Shi kuma madogararsa ita ce jadawalin da na baro. Biyun suna nuna juna, babu littafi, babu takarda, babu ko sunan wanda ya fara faɗa. Kuma ɗaruruwan mutane sun riga sun kwafe reshen nan zuwa nasu.

Haka manhajojin nan suke aiki. Suna nuna maka cewa ga wani da kakansa ya yi kama da naka, ka latsa sau ɗaya, sai sunaye ɗari biyu su zubo cikin naka jadawalin. Kuskure ɗaya yana haihuwar dubu a mako. Yawan masu maimaita magana ba ya ƙara mata ƙarfi in duk daga baki ɗaya suka ji.

Kuma kada a ɗauka duka kuskure ne na rashin sani. A Amurka an yi wani mutum, Gustave Anjou, ɗan asalin Suwidin da ya mutu a 1942, wanda sana'arsa ita ce ƙirƙira wa attajirai salsala mai kai su ga manyan gidajen Turai. Yakan cakuɗa takardun gaskiya masu yawa da ɗaya ko biyu na ƙarya, a daidai gaɓar da ake bukata. An tona asirinsa tuntuni, amma ayyukansa sun shiga littattafai, daga littattafai sun shiga intanet, suna nan ana kwafa.

"Ai fada ce da kanta ta rubuta"

Wannan hujja ta fi ta farko nauyi, kuma ina girmama ta. Fada ta fi kowa sanin 'ya'yanta na kusa. Sai dai fada ita ce kuma ta fi kowa bukatar asalinta ya yi nisa, ya yi kyau. Salsalar sarki takardar mulki ce, da ita ake cewa mu muka cancanci gadon nan.

Duba ko'ina a duniya. Sarakunan Ingila na farko sun kai nasabarsu ga Woden, abin bautar kakanninsu, da suka zama Kirista kuma aka ƙara sunaye har zuwa Annabi Nuhu da Annabi Adamu. Sarakunan Habasha daga 1270 sun ce su zuri'ar Annabi Sulaimanu ne da Sarauniyar Saba, har aka rubuta haka a kundin tsarin mulkin ƙasar na 1955. Gidan sarautar Japan yana ƙirga Sarki Naruhito a matsayin na 126, daga wani sarki da aka ce ya hau a shekara ta 660 kafin haihuwar Annabi Isa, alhali masana tarihin Japan ɗin kansu suna ɗaukar sarakunan farko na jerin a matsayin almara.

Sarakunan Saifawa na Kanem da Borno sun jingina kansu ga Saifu bin Zi Yazan na Yaman. Akwai wasiƙar da Mai Usman bin Idris ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wajen 1391, inda ya faɗi haka ƙarara. Wasiƙar hujja ce mai ƙarfi, amma hujjar me? Hujjar cewa a 1391 fadar Borno ta yi imani da wannan asali kuma tana alfahari da shi. Tsakanin mai wasiƙar da Saifu kuwa akwai shekara kusan ɗari takwas. Mai bincike na ƙwarai yana rubuta "fada ta ce", ya ajiye a haka.

Ibn Khaldun ya yi magana a kan wannan tun 1377. Ya kawo misalan gidajen mulki da fadawa suka ƙirƙira wa asali don neman fada. Ya kuma ba da ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya amfani da shi yau: a lissafa uba uku a kowace shekara ɗari. In ka ga salsalar da ta ratsa shekara dubu da sunaye goma sha biyar, to sunaye sun zube a hanya. In ka ga sittin, an yi ƙari.

"Kana raina tarihin baka ke nan"

A'a. Wannan zargi ne da ba na so ya manne mini, domin da yawa daga abin da muka sani game da sarakunan Afirka ta bakin maroƙa da masu kirari da tsofaffin fada ya iso. Kuma takarda ma tana ƙarya, kamar yadda Anjou ya nuna. Abin da nake cewa shi ne a san irin abin da ke hannu.

Ɗauki kundin tarihin sarakunan Kano. An rubuta shi da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, daga abin da aka gada a baka da a rubuce, sannan H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908. Taska ce. Har sunayen iyayen sarakuna mata yana kawowa, abin da salsaloli da yawa na duniya suka yi watsi da shi. Amma shekarar 999 da kake gani a intanet a gaban sunan Bagauda ba a cikin kundin take ba. Kundin tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa, sai aka tara shekarun aka ƙirga da baya. In an manta sarki ɗaya, ko an ƙara wa wani shekara goma, lissafin duk ya gusa. Muhammadu Rumfa kuwa yana da shaida daga waje, tunda Shehu Maghili ya zo Kano a zamaninsa, a ƙarshen ƙarni na 15, ya kuma rubuta masa nasiha a kan mulki. Saboda haka Rumfa da Bagauda ba a kan daraja ɗaya ta tabbaci suke ba, ko da yake shafin intanet zai jera su a tebur ɗaya da lambobi iri ɗaya.

Akwai wani tarko kuma da masu kwafa ke yawan faɗawa: mayar da jerin sarakuna ya zama jerin uba da ɗa. Sarauta ba kullum take sauka daga uba zuwa ɗa ba. A Sakkwato, bayan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ɗan'uwansa Abubakar Atiku ne ya hau, sannan Aliyu Babba ɗan Bello a 1842, sannan Ahmadu ɗan Atiku a 1859. A Saudiyya, tun rasuwar Sarki Abdul'aziz a 1953, sarakuna shida aka yi, Sa'ud da Faisal da Khalid da Fahad da Abdullah da Salman, dukkansu 'ya'yansa ne. Ka yi tunanin wani bayan shekara ɗari biyar ya tsinci sunayen nan shida kawai, ya jera su wane ya haifi wane. Ya mayar da tsara ɗaya ta zama shida. Zazzau ma gidaje huɗu ne ke sarauta, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, wanda bai san haka ba zai ɗinke su a zare ɗaya.

Ga kuma maimaita suna. Faransa ta yi sarakuna masu suna Louis har ana ƙirga goma sha takwas. A gidan Reuss na Jamus kowane ɗa namiji Heinrich ne sunansa. Muhammadu da Abubakar da Aliyu a gidajen Musulmi kuwa ba a magana. Manhaja ba ta san bambancin kaka da jikan da ya ci sunansa ba, haɗe su take yi.

"Gwajin DNA zai raba gardama"

Wani lokaci yana rabawa. An kashe Sarkin Rasha Nicholas na Biyu da iyalinsa a 1918, sai wata mata da aka sani da Anna Anderson ta shafe shekaru tana cewa ita ce 'yarsa Anastasia da ta tsira. Ta mutu a 1984 mutane da yawa na gaskata ta. Gwajin da aka yi bayan shekara goma ya nuna ba ta da alaƙa da gidan, ya kuma haɗa ta da dangin wata ma'aikaciyar masana'anta 'yar asalin Folan. Amma gwajin ya yiwu ne saboda an tono ƙasusuwan iyalin a 1991, kuma akwai dangi na jini da aka tabbatar, irin su Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth, da aka gwada da su.

Labarin Sarkin Ingila Richard na Uku ya fi koyar da ni. An kashe shi a yaƙi a 1485, aka gano ƙasusuwansa a ƙarƙashin wurin ajiye motoci a birnin Leicester a 2012. Gwajin ɓangaren uwa ya dace da zuri'ar 'yar'uwarsa, aka tabbatar shi ne. Gwajin ɓangaren uba kuwa bai dace da mazan da takardu suka ce kakansu ɗaya da shi ba. Ma'ana, a wani wuri cikin ƙarnukan nan akwai wanda uban da aka rubuta masa ba shi ne mahaifinsa ba. Gwajin bai iya nuna a wace gaɓa ba. Wannan a gidan da ya fi kusan kowane gida a duniya yawan takardu ke nan.

Don haka wanda ya tofa yawu a kwalba ya aika, aka dawo masa da taswira mai launuka, bai samu hujjar cewa shi jikan wani sarki ba ne. Sai da wanda za a gwada shi da shi. Kuma bayan tsara bakwai ko takwas, da yawa daga kakanninka na gaskiya ba su bar maka komai da gwaji zai gani ba.

Lissafi ma yana rage wa abin armashi. Iyaye biyu, kakanni huɗu, takwas, sha shida. In ka koma tsara 30, wato kamar shekara ɗari tara, gurabun kakanninka sun haura biliyan ɗaya, alhali mutanen duniya a lokacin ba su kai rabin biliyan ba. Mutum ɗaya yana cike gurbi dubbai. Shi ya sa masana ke cewa kusan duk mai asalin Turai yana da jinin Sarki Charlemagne da ya mutu a 814. Kowa yana da sarki a kakanninsa, yana kuma da bawa da manomi da maƙeri. Abin da ke da wuya shi ne nuna hanyar, suna bayan suna.

"To meye illar? Bar mutane su ji daɗi"

A nan ne raina ya fi ɓaci. Ga Musulmi dai maganar ba ta wasa ba ce. Alƙur'ani a Suratul Ahzab ya ce a kira mutane da sunan ubanninsu. Bukhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane. Daulolin Abbasiyawa da Usmaniyawa sun kafa ofishi na musamman, na Naƙibul Ashraf, don kiyaye nasabar Sharifai da hana masu kutse. Abin da dauloli suka sa wa ma'aikata da rajista, mu muke turawa da ɗan yatsa a daƙiƙa biyu.

Sannan nasabar sarauta ba tarihi kaɗai ba ce. A wuraren da gadon sarauta ke bin jini, ita ke cewa wa zai iya nema, wa ba zai iya ba. Wani ya gyara layi ɗaya a wani shafi da daddare, da safe an ɗauki hotonsa ana kafa hujja da shi, zumuncin shekara ɗari ya lalace. 'Yan damfara ma da irin wannan suke cin kasuwa, mai cewa shi yarima ne, mai sayar da takardar sarautar da ba ta wanzu ba.

Akwai asara ta uku da ba a cika faɗa ba. Mai hanƙoron kai kansa ga sarki yakan tsallake kakanninsa na gaskiya. Tsohuwar da ta san sunan kakar kakarsa tana zaune a gida, bai taɓa tambayarta ba, yana can yana neman gimbiya a ƙarni na 11. Hadisin Tirmizi ya ce mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. Wannan gwargwadon shi ne ya fi saurin ɓacewa, domin yana tafiya da masu shi kabari.

Abin da intanet ta iya

Ban ce a rufe kwamfuta ba. Tsofaffin littattafan nasaba irin su Almanach de Gotha, da aka riƙa bugawa daga 1763 zuwa 1944, yanzu ana iya buɗe da yawa daga cikinsu kyauta. Shafin nasaba na FamilySearch ya ɗora hotunan rajistar haihuwa da aure da mutuwa na ƙasashe masu yawa. Babban ɗakin karatu na Birtaniya yana da shirin ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen da ke cikin haɗarin lalacewa, har da na Larabci da Ajami daga Afirka ta Yamma. Amfanin intanet ke nan, ta kai ka ga hoton takardar da kanta, ka karanta da idonka.

Idan ka isa ga takardar, tambayoyin ba su da yawa. Wa ya rubuta? Shekara nawa tsakaninsa da abin da yake ba da labari? Me zai samu in an yarda da shi? Akwai wani da bai san shi ba da ya faɗi irin wannan? Ka fara daga kanka ka hau sama a hankali, kada ka fara daga sarki kana neman gangarowa. Kuma sunayen rayayyu da ranakun haihuwarsu ba naka ba ne da za ka baza wa duniya ba da izininsu ba.

Na mayar wa mai turo mini hoton amsa a daren. Na ce, "Malam, da girmamawa, Zaidar nan 'ya ce ko suruka? Kuma su Banu Abbad wa suka ce shi ne kakansu?" Ya yi shiru kwana biyu. Sai ya cire hoton daga zauren da ya tura shi, ya rubuto mini yana tambayar a wane littafin Larabci aka ce suruka ce, yana so ya gani da idonsa. Na ce masa ya nemi al-Bayan al-Mugrib na Ibn Izari. Jiya ya ce ya samu hoton littafin a intanet, yana kan dubawa, kuma ba zai wuce Zaida ba sai ya ga shafin.